Ait Ben Haddou: motar kamfani ta yini ɗaya ko kwana a ƙauyen?

Wa alaikumus salam, Alhaji. Tsakanin biyan kamfani ya ɗauke ku daga Marrakesh ya kai ku Ait Ben Haddou, tsohon garin nan na ginin ƙasa da ke Maroko, ya dawo da ku a yini guda, da tafiya da kanku ku kwana a ƙauyen, ni dai ku kwana. Na taɓa duka biyun, kuma ko ƙanena ne ya tambaye ni abin da zan faɗa masa ke nan.

Hanyar ce ke raba gardama tun kafin a zo maganar kuɗi. A taswira abin bai kai kilomita 200 ba, sai mutum ya ɗauka kurkusa ne. Amma tsaunukan Atlas ne a tsakani, dole a haura mashigar Tizi n'Tichka mai tsayin mita 2,260, hanya mai kwana-kwana, ga manyan motoci suna hawa a hankali. Awa uku da rabi zuwa huɗu ake yi, dawowa ma haka. To ka cire wannan daga yini ɗaya, ka cire tsayawar shan shayi, da ta shagon man argan, da ta cin abinci, da leƙa birnin Warzazat da yawancin kamfanoni ke cusawa a ciki. Abin da zai rage wa tsohon garin da ka biya kuɗi dominsa bai taka kara ya karya ba, kuma da tsakar rana ne, rana ta take, duk motocin baƙi sun iso a tare.

Motar kamfanin da na shiga ta kai ni ta dawo da ni lafiya, kuɗinta kuma da sauƙi. Iyakar yabon da zan yi mata ke nan.

Da na tashi komawa karo na biyu, bas na shiga zuwa Warzazat. Kamfanonin bas na CTM da Supratours duka suna wannan hanya daga Marrakesh. Daga Warzazat tasi ta kai ni ƙauyen, tafiyar kusan kilomita 30. Na sauka gidan wasu iyali da suka ware ɗakuna don baƙi a sabon gari, wato tsallaken kogin Ounila, inda yawancin mutanen suka koma da zama. Tsohon garin yana manne a jikin tudu a ɗaya ɓangaren, gidaje kaɗan ne kawai ake kwana a ciki yanzu. Bayan la'asar na isa, daidai lokacin da motoci ke ta juyawa. Mai gidan bai bar ni na ajiye jaka da kyau ba sai da ya zaunar da ni a soro ya kawo shayin na'ana'a, yana ɗaga buta sama yana tsiyayawa har kofi ya yi kumfa. Daga inda nake zaune ina kallon garin gaba ɗayansa, rana na yin ƙasa, ginin yana rikiɗa daga ruwan ƙasa zuwa ja. Wanda ya zo da azahar ba zai taɓa ganin wannan launin ba.

A 1987 UNESCO ta sa wurin cikin jerin kayan tarihi na duniya. Gine-ginen da ke tsaye yanzu ba su wuce ƙarni na 17 a tsufa ba, amma salon ginin ya girme su nesa ba kusa ba. Garin zango ne a hanyar fatake da ke fitowa daga Sahara su haura tsauni zuwa Marrakesh. Mutum sai ya yi tafiya a hankali yake gane yadda aka tsara shi: ganuwa da hasumiyoyi a kusurwa, manyan gidajen masu hali da suke kira kasba, masallaci, dandali, masaukin fatake, masussuka a bayan ganuwa, maƙabartu biyu, ta Musulmi da ta Yahudawa, da hubbaren Sidi Ali ou Amer. Can ƙololuwa kuma rumbun gari ne, an ɗora shi inda ya fi wuyar kaiwa, don in an kawo hari hatsi ne abin da za a kare har ƙarshe. Jagoran da kamfani ya haɗa mu da shi a wancan zuwan, abin da ya fi ba ƙarfi shi ne inda aka ɗauki fim ɗin Gladiator na shekarar 2000. Gaskiya ne an ɗauka a nan, amma ba shi ya kai ni Maroko ba.

Da safe, kafin motar farko ta iso, na tsallaka gadar ƙafa da aka gina a 2011 na hau. A wani lungu na tarar da dattijo da yaronsa suna yaɓe. Na tsaya na yi sallama, ya nuna mini yadda suke yi. Ƙasan katanga ana kafa alluna biyu a zuba ƙasa mai ɗanshi a tsakani a daddaɓe ta da taɓarya har ta kame, sannan a matsa da allunan gaba. Sama kuwa tubali ne marar nauyi, shi ya sa a can ake iya fitar da zane-zanen nan da ke jikin hasumiyoyi. Ya ɗebo cakuɗar ƙasa da ciyawa ya sa mini a hannu in ji laushinta. Da ɗan Larabcina da nasa, da nuni da hannu, na fahimci abin da yake nufi: gidan da aka daina kwana a ciki, aka daina yi masa yaɓe bayan ruwa, shi ke fara zubewa. Tun daga nan na daina jin nauyin 'yan dirhamin da wasu masu gida ke karɓa kafin su bar ka ka shiga ka hau soronsu. Shiga garin kansa kyauta ne, kuɗin shiga gida kuwa wani ɓangarensa a katangar yake ƙarewa.

Sai abinci, wanda na ga shi ne rabin dalilin tafiyarku. A nan tazarar ta fi ko'ina faɗi. Motar kamfani gidan abinci ɗaya take kai kowa, an riga an shirya da su, farashi a yanke, zaɓi biyu ko uku. An kawo mana tajin, wato dahuwar nama da kayan lambu, a cikin tukunyarsa mai murfi kamar hula, amma da na duba gindin tukunyar fes yake, babu alamar wuta. A wata babbar tukunya aka dafa, aka juye a wannan don ido.

A gidan da na kwana, tun ina shan shayi uwargidan ta aiko a tambaye ni ko ina cin naman rago, don a lokacin za a ɗora. A tsakar gida aka ajiye tukunyar yumɓun kan kurfoti. Albasa a ƙasa, nama a kanta, sannan aka jera karas da dankali suka yi tsini, aka sa zaitun da lemun tsamin da aka jiƙa a gishiri, ruwa ɗan kaɗan. Murfin nan mai tsini shi ke tare tururi ya mai da shi cikin miya, shi ya sa ba a cika ruwa, ba a kuma yawan buɗewa. Ya fi awa biyu yana dahuwa a wuta marar ƙarfi. Da aka buɗe bayan Isha, albasar ƙasan ta narke ta kama gindin tukunya, ita ce ma yaran gidan ke rububi. Da gurasa ake ci, da hannun dama, kowa gabansa, naman kuma ba a taɓa shi sai an kusa gamawa mai gida ya rarraba. Ya turo mini kaso mafi kyau, na ce ya yi yawa, ya ƙi saurara. Karin kumallo kuma gurasa ce da zafinta daga tanderun ƙasa, da man zaitun da zuma, da ƙwai da tumatir a ƙaramin tajin.

In da hali, Alhaji, ku sa kwananku ya faɗo daren Alhamis wayewar Juma'a. A Maroko kuskus abincin Juma'a ne, bayan an sauko daga masallaci ake cinsa a faranti ɗaya. Na gida a madambaci ake turara shi kan romo, a sauke a murza da hannu a mayar, har sau biyu ko uku, shi ya sa yake fitowa warawara. UNESCO ta sa shi cikin al'adun da ake karewa a 2020, da sunan Maroko da Aljeriya da Tunisiya da Muritaniya tare. Ka gaya wa masu gidan tun ranar Alhamis cewa za ku tsaya cin rana, don ba abinci ne da ake yi wa mutum cikin gaggawa ba. Hajiya kuma in ta nemi izini za su bar ta ta shiga kicin ta ga yadda ake yi, abin da ba za ta samu a gidan abincin bakin hanya ba.

Akwai kuma abin da ban sa shi a lissafi ba sai da na je. Na yi Magariba a masallacin ƙauyen. Malikawa ne, da ƙira'ar Warsh suke karatu, bayan an idar kuma wasu suka zauna suka karanta izu a tare da murya ɗaya, kamar yadda ake yi a masallatan ƙasar bayan Magariba da Asuba. Wanda ke cikin motar kamfani a wannan lokacin yana kan tsauni cikin duhu, yana fama da jiri.

Wajen dawowa kada ku maimaita hanya. Ku ɗauki shatar tasi ta bi da ku kwarin Ounila zuwa Telouet, sannan ku fita babban titi kusa da Tichka. Ita ce tsohuwar hanyar fatake, ƙauyukan ƙasa ne a jere a bakin kogi, da gonaki ƙanana shar a ƙarƙashin jajayen duwatsu. A Telouet akwai kasbar gidan Glaoui, dangin Thami El Glaoui da ya riƙe sarautar Basha na Marrakesh daga 1912 zuwa 1956. Daga waje kango ce, ciki kuwa akwai ɗakuna masu adon tayil da sassaƙa. Girgizar ƙasar 8 ga Satumba 2023 ta taɓa ta, don haka ka sa mai masaukinku ya bincika muku ko ana shiga kafin ku yi ciniki da direba. Ko ba a shiga, kwarin kaɗai ya isa dalili.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa, don a wannan hanya an cuci mutane da yawa. Duwatsun nan da ake tare mota da su a hawan Tichka, a fasa maka ka ga ciki yana ƙyalli ja ko shuɗi, da yawansu rini ne. Ka jiƙa yatsa ka shafa za ka gani. Man argan kuma bishiyarsa a kudu maso yamma take fitowa, wajen Agadir da Essaouira, ba a kan wannan tsaunin ba. Shagon da direba ya tsaya da ku ba don Allah ya tsaya ba, yana da kasonsa a duk abin da kuka saya, wani man ma an sirka shi da mai arha. Haka za'afaran. Na gaske yawancinsa daga yankin Taliouine yake fitowa, siraran zare ne, yana da tsada ko a can. Wanda ya miƙo maka gari cike da leda a kuɗi kaɗan, wani abin ya ba ka. Duk wanda ya tare ku ya ce gada a rufe take, ko ya ce sai da tikiti ake shiga garin, ku yi masa godiya ku wuce. Jagora na halak yana da katin hukuma, ka nemi gani, ku kuma yanke kuɗi kafin ku ɗaga ƙafa. Wanda ya jawo ka gefe ya ce yana da tsohuwar ƙofa ko azurfar kakanni, ɗayan biyu ne: ko sabon abu ne aka tsufar da shi, ko na gaske ne wanda fitar da shi daga ƙasar zai iya jawo maka tsaiko a filin jirgi. Masu zanen da ke shafa ruwan shayi da za'afaran a takarda su kanga ta a wuta hoton ya fito, su a gabanka suke aikinsu, in za ka sayi tsaraba ka saya a wurinsu. Kada kuma ka tura kuɗin ɗaki gaba ɗaya ga wanda ka sani a Facebook ko WhatsApp kawai. Ka biya in ka ga ɗakin.

Mutum ɗaya zan ce wa ya bi kamfani: wanda yini ɗaya tak ya rage masa a ƙasar, kuma ya ƙudura sai ya ga wurin da idonsa. Shi ma gara ya haɗa kuɗi da abokan tafiya su ɗauki mota tasu, su ce wa direba ba sa son shago ko ɗaya. In akwai tsoho a tare da ku kwanan ya ma fi zama dole, don hawan tudun matakala ce ta dutse marar daidaito, ba a yinta da sauri, ba a yinta da rana.

Ka kama ɗaki a sabon gari mai soro da ke fuskantar tsohon garin, ka tabbatar da abincin dare a cikin kuɗin. Ku riƙe tsabar dirhami tun daga Marrakesh ko Warzazat, don a ƙauye ba ko'ina katin banki ke aiki ba. Watannin Maris zuwa Mayu, da Satumba zuwa Nuwamba, sun fi daɗin tafiya. In da hunturu za ku je, ku ɗauki rigar sanyi mai kauri, ka tambaya ko ɗakin yana da abin ɗumama shi, ku kuma bar rarar kwana ɗaya kafin ranar jirginku, don ƙanƙara takan rufe Tichka. Allah ya kai ku lafiya, a gaida Hajiya.