LibreOffice Calc da rikicin kwanan wata a CSV

Ni ke riƙe wa Alhajinmu lissafin aya da waken da muke lodawa daga Maraɗi zuwa Kano ta Ɗan Isa, kuma da LibreOffice Calc, manhajar lissafi mai jeri-jeri a kwamfuta, nake aikin. Kyauta ce, akwai ta da Faransanci, ba ta neman intanet. Amma kwanan wata ne ya sa na riƙe ta.

Abokin cinikinmu na Kano fayil nau'in CSV yake so, shi manhajarsa ke karɓa. CSV kuwa rubutu ne zalla, ba ya faɗa wa kowa wanne ne rana, wanne ne wata. Mu nan 04/03/2025 huɗu ga Maris ne, yadda aka koya mana a lakwal. Kwamfutarsa saitin Amurka gare ta, wata kafin rana, sai ta karanta uku ga Afrilu. Bashi ya ƙara wa kansa wa'adin wata guda ba da sanin kowa ba! Abin takaicin, 25/03/2025 ba ya juyawa, tunda babu wata na 25. Sai ya zauna a matsayin rubutu, ya manne a hagu. Jeri ɗaya, rabi ya juye, rabi ya daskare, in ka ce a tsara su bi da bi sai su hargitse. Wani lokacin ma 45720 za ka gani a maimakon kwanan watan, don a ciki manhajar ƙidayar kwanaki take yi.

A nan Calc ta burge ni. Kafin ta fitar da CSV takan ba ka damar zaɓen alamar da za ta raba bayanai, abin da ke da amfani gare mu masu saitin Faransanci da waƙafi ke cikin lambobinmu, tunda da waƙafi CSV ya saba raba bayanai. Akwai kuma ɗan akwatin da ke cewa a adana abu yadda yake bayyana. Na mai da jerin duka 2025-03-04, shekara, wata, rana, tsarin ISO 8601, na danna akwatin. Tun daga nan Kano ba ta sake kira kan wa'adi ba. Wajen buɗewa ma tana barin ka gaya mata cewa wannan jerin rana-wata-shekara ne.

Sai dai tambayoyin suna son natsuwa. Yaron shagonmu OK kawai yake dannawa, shi ya sa ainihin lissafin a ODS, nau'in fayil ɗin Calc na kanta, nake ajiye shi, kwafi kaɗai nake tura wa Kano ta WhatsApp.