Burusketa a gida: wane tumatir, wane burodi, kuma wane man zaitun ne na gaske?

Burusketa abincin manoman tsakiyar Italiya ne, wajajen Lazio, Umbiriya da Tuskani, kuma sunan ya samo asali ne daga kalmarsu ta gashi a kan garwashi. Yankan burodi ne ake gasawa, a goga masa tafarnuwa tun da zafinsa, a yaryaɗa man zaitun, a barbaɗa gishiri, sannan a ɗora yankakken ɗanyen tumatir. Tunda ba miya ba ce, babu tafasar da za ta rufa wa mugun kaya asiri. Abin da kika sayo shi za ki ji a bakinki, don haka rabin aikin a kasuwa yake ƙarewa.

A tumatir ba na dogon ciniki. Dogon nan mai tsoka da ƙarancin ruwa, wanda 'yan gwari ke kira UTC, shi nake nema. Ki zaɓi wanda ya nuna jajir amma bai yi laushi ba, ki ɗaga ki ji nauyinsa, ki shinshina gindinsa. In babu ƙamshi, ki mayar. Da sanyi, lokacin da na noman rani ke fitowa daga Kadawa da Kura, ya fi kyau ya fi araha. Zagayayyen nan mai yawan 'ya'ya na miya ne, jiƙa burodi zai yi. Na gwangwani kuwa, ko San Marzano ne daga wajen Napoli, ki bar wa taliya. Kada ki saka tumatirin a firji, sanyi yana kashe masa ɗanɗano. Ki yanka guda 4 ƙanana ƙanana, ki sa gishiri, ki bar shi minti 15 ya tsiyaye.

Burodinmu mai sukari da laushin auduga bai dace ba: tafarnuwa yaga shi take yi, zaƙin kuma ya yi faɗa da tumatir. Mai tauri ake so, wanda in ya gasu zai kankare tafarnuwa kamar magogi. Mutanen Maraɗi da Damagaram sun huta, baget, dogon burodin nan na Faransawa, na nan a bakin titi kowace safiya, kuma wanda ya kwana ya fi. A Kano na kan sa gurasa in na rasa, in tsaga ta biyu in gasa sosai, ba laifi. Basil, ganyen ƙamshin nan na Italiya da ake sawa a kan tumatirin, bai cika samuwa ba. Daddoya 'yar'uwarsa ce amma ta fi shi ƙarfi, ganye biyu ya isa.

To sai mai, inda kuɗin yake, inda kuma ake cin amanar mutane. Iri uku za ki tarar. Wanda aka rubuta pomace daga tunkuzar zaitun ake tatso shi da sinadari, ki wuce shi. Mai rubutun pure ko light tacacce ne da aka cire wa ƙamshi, sunan ne kawai ya yi kyau. Nawa shi ne extra virgin, wato wanda aka matse daga 'ya'yan zaitun kai tsaye ba sinadari. A dokar Tarayyar Turai tsaminsa ba zai wuce kashi 0.8 cikin ɗari ba, kuma ba a rubuta masa matsar sanyi sai an yi aikin ƙasa da digiri 27. Mai kyau yana ƙamshin ɗanyar ciyawa, yana da ɗan ɗaci, in kika haɗiye sai ya yi miki yaji a maƙogwaro har ki yi tari. Wannan yajin ba lalacewa ba ce, shi ne shaidar sabon mai. A Tuskani, in an matse sabon mai wajen Nuwamba, burodi da tafarnuwa kawai suke ci da shi, ko tumatir ba sa sawa, don a ji man. Ko na Sifaniya ne, wadda ta fi kowace ƙasa samar da shi, ko na Tunisiya, ni ban damu ba, in dai na gaske ne.

Na gasken ne aiki. Na taɓa sayen wata doguwar kwalba a wani shago, ga hoton reshen zaitun, ga rubutun Larabci, ga araha. Mai shagon har da cewa, "Hajiya, wallahi daga Saudiyya ya zo." Na yi wa baƙi burusketa, sai ƙarnin man suya ya cika baki, ƙanwar maigida tana ta kallona. Man waken suya ne aka rina shi kore. Tun daga ranar na daina yarda da launi, domin kore ba hujja ba ce, akwai na gaske mai ruwan zinariya. Na daina yarda da gwajin nan da ake yaɗawa, wai a sa a firji in ya daskare na gaske ne, tunda gaurayayyen mai ma yana iya daskarewa. Rubutun Larabci ko tutar Italiya kuwa kowa na iya buga su. Saboda darajar da zaitun ke da ita a wajenmu, mutane kan saya da kyakkyawar niyya ba bincike, 'yan jabu kuma sun san da haka. Ba mu kaɗai ake yi wa ba, kuma abin yakan wuce asarar kuɗi: a 1981 a Sifaniya an sayar wa talakawa gurɓataccen man masana'anta da sunan man zaitun, mutum wajen 20,000 suka kamu da ciwo, ɗaruruwa suka mutu.

Yanzu ga abin da nake dubawa. Kwalba mai duhu ko gwangwani, don haske da zafi suna sa mai ya yi ɗoyi, kuma ba na ɗaukar wadda ta sha rana a gaban shago. Murfi a liƙe, ba alamar an taɓa buɗewa. Lambar NAFDAC in a Najeriya ne, da sunan ƙasar da aka matse shi, ba wadda aka ɗura shi kawai ba. In akwai shekarar girbi, ita nake bi kafin ranar ƙarewa. Wanda ake aunawa a robar ruwa, ko kyauta ne ba na so. In farashin ya yi kusa da na man gyaɗa, araha ba ta ado, ajiye musu.

Ki fara da ƙaramar kwalba, mai mililita 250. Cokali 3 ya ishi yanka 8 na burodi, kuma a zafin garinmu gara ki ƙarar da ita cikin wata biyu bayan buɗewa. Ki ajiye ta cikin kabad, nesa da murhu.