Barkwancin soyayya ko dirama: wane suna ya dace da fim ɗinka?

Wani ɗan'uwanmu daga Gombe ya kawo tambaya. Ya ce sun gama ɗaukar fim mai dogon zango, kashi 12, za su ɗora shi a YouTube. Labarin wani tela ne a Babbar Kasuwar Gombe da ya kamu da son wata ɗalibar Jami'ar Jihar Gombe, ya yi mata ƙarya cewa shi ma'aikacin banki ne. Kashi shida na farko dariya ce zalla, amma a ƙarshe gwajin jini ya nuna dukansu AS ne, wato suna ɗauke da ƙwayar gadon sikila, aka fasa auren. Abokan aikinsa sun rabu gida biyu: wasu na cewa a tallata shi a matsayin barkwancin soyayya tunda dariya ce ke jan mutane, wasu na cewa dirama ne. Yana son ya ji wanne ya fi.

Ɗan'uwa, fim ɗinka dirama ne, kada yawan dariyar farkonsa ya ruɗe ka. Ba da yawan dariya ake rarrabe waɗannan biyun ba. Abu biyu ake dubawa: yadda labarin ya ƙare, da nauyin abin da kuskuren jarumi ke jawo masa. Sunan da ka laƙaba wa fim alkawari ne ka ɗaukar wa mai kallo tun kafin ya danna, kuma da shi zai riƙa auna duk abin da ya gani. Wanda ya ce a ba shi masa da suga, aka miƙo masa da yaji, ba zai tsaya yabon suyar ba, ko da ta fi ta Bauchi kyau.

Mu ɗauki ƙaryar telan nan mu aza ta a ɓangarorin biyu. A barkwancin soyayya, ƙaryar ita ce ke tuƙa fim ɗin. Mai kallo ya san gaskiya, budurwa ba ta sani ba, daɗin yana cikin ganin yadda gogan zai sha yau. Ya ari kwat ɗin da wani ya kawo gyara, ya tsaya a bakin banki yana amsa wayar ƙarya, sai ga mai kwat ɗin ya fito daga ciki. Mai kallo na ƙyalƙyala dariya hankalinsa kwance, domin ya san ko asiri ya tonu, iyakar abin da zai biyo baya kunya ce da fushin kwana biyu. A dirama kuwa wannan ƙaryar bashi ce, ana jiran ranar biya. Mai kallo na lissafi a zuciyarsa: mahaifin yarinyar ya riga ya sanar da 'yan'uwansa, an karɓi kuɗin gaisuwa, ta sallami wani manemi saboda shi. In asiri ya tonu, mutuncin gida ne ya zube. Yanayi ɗaya ne, 'yan wasa ɗaya, amma wancan mai kallon jira yake a kama tela ya yi dariya, wannan kuma gabansa faɗuwa yake kada a kama shi.

Tsarin lokaci ma ya bambanta. Barkwancin soyayya na fim guda yakan tsaya tsakanin minti 90 zuwa 100, kuma hanyarsa sananniya ce. Masoyan su haɗu a cikin minti 10 zuwa 15 na farko, galibi ta hanyar saɓani ko wani abin kunya. Zuwa tsakiya sun shaƙu. Wajen kashi uku cikin huɗu na fim ɗin a raba su, sannan a mayar da su ga juna a mintunan ƙarshe. Rabuwar nan ba a jan ta. In ta yi tsawo, masu kallo sun fara tambayar ko dai an canza musu fim ne. Sanin ƙarshen ba aibi ba ne a nan, shi ne ma abin da aka zo saya. A finafinanmu, da yake namiji da mace ba sa taɓa juna a gaban kyamara, shaidar cewa an dace ita ce sa rana, ko kai lefe, ko ɗaurin aure da waƙar biki. In ba ka nuna ɗaya daga cikin waɗannan ba, ga mai kallon barkwancin soyayya fim bai ƙare ba.

Dirama ba ta da wannan wajibin. Tana iya farawa bayan aure, tana iya ƙarewa da aure, ko rabuwa, ko mutuwa. Amma 'yancin nan da kuɗinsa. Duk abin da zai faɗo a ƙarshe sai an shuka shi tun farko. Mai kallon barkwanci zai yafe maka haɗuwar bazata har sau uku, ya ce ai wasa ne. Mai kallon dirama ba ya yafe ko ɗaya in a kanta aka ɗora hukuncin labari. Da ya ga cuta ta faɗo daga sama a kashi na 11, sai ya ce marubuci ya rasa yadda zai rufe labarinsa.

Iyaye su ne ma'auni mafi sauƙi a labarin Bahaushe. A barkwanci, Baba ko Kawu mai faɗa hargagi kawai yake yi. Zai rantse cewa in yaron nan ya sake taka ƙofar gidansa sai ya haɗa shi da 'yan sanda, a fitowa ta gaba ka same shi yana cin tsiren da yaron ya kawo. A dirama, in uba ya ce bai yafe ba, ɗaki yakan yi tsit, kuma maganar tana bin yarinyar har ƙarshen fim. Haka kishiya, haka talauci, haka auren dole: duk suna shiga ɓangarorin biyu, abin dubawa shi ne ko raunin da suka yi yana warkewa kafin a tashi. Akwai kuma abubuwan da barkwancin soyayya ba ya iya ɗauka ko kaɗan, irin su mutuwar ɗaya daga masoyan, fyaɗe, saki uku, da cuta mai bin zuriya. Naka yana cikin wannan sahun. AS biyu in suka yi aure, kowane ciki yana da haɗarin kashi 25 cikin 100 na haifar mai sikila, kuma a Gombe da Bauchi da wuya ka tara mutane a ɗakin kallo ba ka samu wanda abin ya taɓa danginsa ba. Ba za su ɗauke shi wasa ba, kai ma kada ka shigar da su ta ƙofar wasa.

Ta ɓangaren ɗauka da tacewa, barkwanci yana son haske wadatacce da hoton da ya haɗa mutum biyu a lokaci guda, domin rabin dariyar tana fuskar wanda aka gaya wa magana ne. Edita ya bar daƙiƙa ɗaya ko biyu bayan maganar ban dariya, sannan ya yanke da sauri. Dirama tana matso da kyamara kusa da fuska, tana barin inuwa, tana ƙyale shiru ya kai daƙiƙa biyar ko shida ba tare da an cusa kiɗa ba. Kuskuren da ya fi yawa a wajen sababbin editoci shi ne zuba ƙararrakin katun a duk inda wani ya zame ko ya zaro ido. Da zarar ƙarar nan ta shiga kunnen mai kallo, ya riga ya ajiye fim ɗin a layin camama, kuma ba za ka iya dawowa a kashi na tara ka ce ya yi kuka ba.

Wani abin lura shi ne, mai kallonmu ba kasafai yake karanta rubutun da ke cewa wannan nau'in kaza ne ba. Masana'antar Kannywood ta daɗe tana raba finafinai gida biyu, camama (na barkwanci) da santimental (na taɓa zuciya), kuma fuskar ɗan wasa ce ke sanar da mai saye inda fim ya faɗa. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, in fuskarsa na jikin fasta ba wanda ke neman ƙarin bayani. Har yau haka abin yake. Ka sa fitaccen ɗan barkwanci a tsakiyar hoton bangon bidiyonka, ka riga ka faɗi nau'in fim ko da ka rubuta akasin haka a ƙasa. Bayan fuska sai suna, sai waƙar da ke buɗe fim, sai kuma bakin mai tura finafinai a waya. Shi wannan kalma ɗaya yake amfani da ita in kwastoma ya tambaya: na dariya ne, ko na ban tausayi ne. Abin da ya hango a hoton shi zai faɗa, domin bai zauna ya kalli kashi 12 ba.

Ko a Amurka rikicin nan ya taɓa tashi. Kyautar Golden Globe tana raba finafinai ne zuwa dirama da kuma barkwanci ko na waƙa. A 2016 fim ɗin The Martian, labarin ɗan sama jannati da ya maƙale shi kaɗai a duniyar Mars, ya ci kyautar a rukunin barkwanci saboda jarumin yana da ban dariya. Surutun da ya biyo baya ya sa masu shirya kyautar suka gyara ƙa'ida cewa dirama mai ɗauke da raha a rukunin dirama za ta shiga.

Kuskuren suna ta kowane ɓangare yana da illa, sai dai ba nauyinsu ɗaya ba. In ka kira barkwanci dirama, mai kallo zai ga ya yi sauƙi, ya ce ba darasi a ciki, wasu su wuce. Asara ce, amma ba ta haifar da gaba. In ka kira dirama barkwanci, za ka samu dannawa da yawa a makonnin farko, abokan aikinka su ce ka ga mun faɗa. Daga nan sai masu neman nishaɗi su fara zamewa da zarar labari ya yi nauyi, waɗanda suka jure har ƙarshe kuma su cika wurin sharhi da cewa an yaudare su. Mafi muni, masu son labari mai taɓa zuciya, waɗanda su ne ainihin mutanenka, ba su taɓa dannawa ba tun farko domin hoton ya ce musu camama ce.

Ga abin da ya kamata ku yi tunda ɗauka ta riga ta kammala. Ku koma kashi na ɗaya, ku saka alamar nauyin labarin a cikin minti biyar na farko. Ba sai an yi wa'azi ba. Ya isa a ga ƙanin yarinyar kwance a asibiti saboda sikila ana ƙara masa ruwa, mahaifiyarta na zaune ta yi tagumi, sannan a koma shagon tela. In babu irin wannan a abin da kuka ɗauka, yini guda na ƙarin ɗauka ya wadatar. Ku sake taɓo maganar a kashi na uku da na biyar, ko da jimla ɗaya ce daga bakin ƙawarta. Ku cire ƙararrakin katun gaba ɗaya, ku bar dariyar ta fito daga magana da halin mutane. Tallan fim ya zama daƙiƙa 60 zuwa 90: rabin farko raha, rabin ƙarshe fuskoki sun canza, kiɗa ya sauka, kuma kada a nuna takardar gwajin. Hoton bango a girman pixel 1280 da 720, masoyan biyu kaɗai, ba baki buɗe, ba ido zare. In telan yana da aboki mai ban dariya, a ajiye shi don gajerun bidiyon talla. Sunan fim ma a duba shi. In akwai wasa ko zolaya a cikinsa, a sauya. A bayanin da ke ƙasa, layin farko ya ce labarin soyayya ne mai raha da taɓa zuciya, domin layin farkon ne ke bayyana a waya.

Kafin ku saki, ku nemi mutum goma zuwa goma sha biyar da ba su san labarin ba, maza da mata, har da matan aure, tunda suna cikin masu bibiyar irin wannan shirin a kai a kai. Ku nuna musu hoton da tallan kawai, ku tambaye su: za su yi aure a ƙarshe ko a'a? In kusan duka suka ce tabbas za su yi, tallan bai faɗi gaskiya ba tukuna. Abin da kuke nema shi ne su rabu, wasu su ce za su yi, wasu su ce akwai matsala a gaba. Bayan kun ɗora, YouTube Studio, wato shafin da mai tasha ke sarrafa bidiyonsa, yana ba da damar gwada hoton bango har uku a kan bidiyo ɗaya, yana kuma nuna yawan waɗanda suka rage bayan daƙiƙa 30 na farko. In dannawa ta yi yawa amma jama'a na zubewa a wannan gaɓar, hoton da farkon fim ɗin ne ba su jitu ba, sai ku fara gyara daga hoton.