Saƙo daga Jamus ga masu son ƙara wa furosesa gudu a Katsina

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman matasanmu masu haɗa bidiyo, masu zane da masu gem da ke ta turo tambaya kan wane madabod (babban allon da ake ɗora duk kayan kwamfuta a kai) za su saya don yin obakulokin, wato tilasta wa furosesa gudun da ya wuce wanda kamfani ya saita mata.

Abin da ya fi ɗaure mini kai a ƙasar nan ba yawan kayan ba ne, dokar mayar da kaya ce. Wanda ya sayi madabod ta intanet yana da kwana 14 ya mayar, ba sai ya kawo dalili ba, kuɗinsa su dawo. Mutum zai buɗe kwali, ya ɗaura, ya ga ram ɗinsa bai jitu da shi ba, ya sake naɗewa ya kai gidan waya, shi ke nan. Sai in ya lalata wani abu, kamar ya lanƙwasa alluran soket, sannan a cire masa wani kaso. Bayan wannan kuma akwai shekara 2 da doka ta ɗora wa mai shago alhakin aibin da kaya ya zo da shi. Shi ya sa Bajamushe ke iya saye da jahilci bai yi asara ba. Mu kuwa, ko a Katsina ka saya ko ka niƙi gari zuwa Kano, gwajin duk bai wuce a jona a ga ya kawo hoto ba, daga nan kaya ya fita ya fita. Alhali "ya kawo" ba ya gaya maka komai game da abin da zai faru in furosesa ta yi awa biyu tana jan wuta iya ƙarfinta. Tunda ba mai karɓa daga hannunka, dole saninka ya fi na Bature kafin ka miƙa kuɗi.

Fara da cifset, wato guntun da ke kan madabod mai ƙayyade abin da zai iya yi, don nan ne mutane suka fi faɗawa rami. A ɓangaren Intel sai abu biyu sun haɗu: furosesa mai harafin K a ƙarshen lambarta, kamar i5-13600K, da madabod mai cifset na Z, wato Z690 ko Z790 a soket (mazaunin furosesa) LGA1700, ko Z890 a sabon LGA1851. B660 da B760 za su bar ka ka ƙara wa ram gudu, amma furosesa a kulle take. Wanda ya haɗa i7 mai K da H610 ya biya kuɗin abin da ba zai taɓa mora ba. AMD sun fi sassauci: B450, B550 da X570 a soket AM4, B650, X670 da X870 a AM5, duk suna yarda. Masu harafin A, irin su A320, A520 da A620, ba na wannan aikin ba ne. Su kuwa kwamfutocin ofis na hannu, HP da Dell da suka cika shagunanmu, a bar su su yi aikin da aka ƙera su dominsa. BIOS ɗinsu, wato manhajar saiti da ke cikin madabod, a rufe yake, kuma da yawa ma mahaɗar wutarsu ta daban ce.

A kula da ram kafin a biya. AM5 DDR5 kaɗai yake karɓa, AM4 DDR4, shi kuma LGA1700 akwai mai wannan akwai mai wancan, kuma ba sa shiga ramin juna.

Yanzu ga inda maganar take, VRM. Su ne ƙananan kayan da ke jere a gefen soket, aikinsu su karɓi bolt 12 daga fawa (akwatin da ke ba kwamfuta wuta) su sauke shi zuwa wajen 1.2 ko 1.3 da furosesa ke sha. Yi lissafi da kanka: i9-14900K tana kai wat 253 tun ba a taɓa ta ba. Raba da 1.3, ka ga amf kusan 195 na ratsa wuri da bai kai tafin hannu ba. Kamar taransifomar unguwa ce, in kaya ya fi ƙarfinta zafi take ɗauka. In VRM ya haura digiri 100, madabod da kansa yake janye wa furosesa gudu don ya tsira, sai ka ga ka saita gudun 5.5 GHz amma cikin aiki tana ta faɗowa, kana zargin Windows.

A jikin kwali za ka ga an rubuta 8+2 ko 16+1+1. Lambar farko ita ce yawan layukan da ke ciyar da ainihin furosesa, sai ka nemi ƙarfin kowane layi, ko amf 50 ne, ko 60, ko 90. Kada yawan lamba ya ruɗe ka, kamfanoni sun iya ƙawata lissafi. A ganina i5 ko Ryzen 5 za ta zauna lafiya a kan layi 10 masu kyau, i7 da i9 kuwa kada a yi ƙasa da 14. Sannan ka ɗaga madabod ɗin ka ji nauyin ƙarfen sanyaya da ke kan VRM. Mai tsaga-tsaga da iska ke ratsawa ya fi sumul mai ƙyalli da fitilu. Wanda aka bar VRM ɗinsa tsirara, ajiye shi ko nawa aka rage maka, araha ba ta ado.

Ga abin da masu gwaji na YouTube ba za su faɗa maka ba, don ba damuwarsu ba ce. Suna gwaji a ɗaki mai digiri 21 zuwa 25. A nan Jamus rabin shekara sanyi ne, mai obakulokin ko taga ya buɗe ya sami rangwame. Ɗaki a Kofar Kaura cikin Afrilu, rufin kwano, ba wuta balle na'urar sanyaya ɗaki, yana iya kai 38 ko 40. Duk digirin da ɗaki ya ƙara, kusan haka kayan ciki ke ƙarawa. VRM da aka nuna maka yana 85 a bidiyo, a gidanka ya tsallake 100. Saboda haka in kana duba sakamakon gwaji, ƙara 15 a kai, in har yanzu yana ƙasa da 90 to saya. Kuma in hunturu ya shigo, sanyin da nake kewarsa a nan da ƙamshin itacen da ake jin ɗumi da asuba, shi ne lokacin da ƙura ke toshe tsagogin ƙarfen nan. A riƙa hurawa da bulowa duk wata, a riƙe fanka da yatsa kada ta yi ta juyawa.

Abu na gaba, maɓallan ceto. Obakulokin gwaji ne, dole wata rana ka saita abin da kwamfuta za ta ƙi tashi. Nemi mai maɓallin goge saitin CMOS a baya, wanda ke mayar da BIOS yadda ya zo daga kamfani, da ƙananan fitilu huɗu da ke nuna ko furosesa ce ta tsaya, ko ram, ko katin hoto, ko faifai. Mafi muhimmanci shi ne iya sabunta BIOS da filas ba tare da furosesa ba: ASUS na kiransa BIOS FlashBack, Gigabyte Q-Flash Plus, MSI Flash BIOS Button. Z690 da ya daɗe a shago ba zai gane furosesar Intel zubi na 13 ko 14 ba sai an sabunta shi. A nan sai a mayar a karɓo wani. A gida sai ka bi gari kana roƙon aron tsohuwar furosesa. Kuma don Allah kada a sabunta BIOS ba UPS, wato na'urar da ke riƙe wuta in an ɗauke, in wuta ta ɗauke a tsakiya madabod na iya mutuwa murus.

Sabuntawar ba ado ba ce. A 2023 wasu Ryzen 7000, musamman masu X3D, sun ƙone a soket saboda boltejin wani sashe nasu mai suna SoC ya yi yawa, har AMD ta ƙayyade shi a 1.3. A 2024 Intel ta amsa cewa wasu na zubi na 13 da 14 suna lalacewa saboda yawan boltej, ta fitar da gyara ta BIOS, ta ƙara shekara 2 a garanti. Garantin nan dai sai mai rasit da adireshin da za a aika, kuma kamfanonin biyu ba sa ɗaukar nauyin ɓarnar obakulokin.

Halinmu na son abu ya fi na maƙwabci shi ke cutar da mu a nan. Mutum zai zuba duk kuɗinsa a i9, ya tsuke a madabod da fawa, ya jona kai tsaye da ƙaramin janareta mai hawa da sauka. Gara i5 a kan madabod mai ƙwari, da fawa mai inganci da UPS. A zafinmu ma sau da yawa rage boltej ya fi ƙara shi riba: a Ryzen a shiga BIOS a kunna saitin PBO a sauke na Curve Optimizer kaɗan-kaɗan, furosesa ta yi sanyi, ita da kanta za ta ƙara gudu.

In na hannu za ka saya, haska soket da fitilar waya ta gefe, allura ɗaya in ta karkace za ka ga ƙyallinta ya bambanta. Duba bayan madabod daidai wajen VRM, in launin ya yi duhu ya sha zafi. Sa ram biyu a rami na biyu da na huɗu, kunna XMP ko EXPO (saitin gudun ram a BIOS), buɗe manhajar HWiNFO mai nuna zafi, sannan ka saki manhajar gwaji ta Cinebench na minti 30 a nan cikin shagon kana kallon zafin VRM da gudun furosesa. Mai shagon da ya ce ba shi da man janareta na rabin awa, saya masa lita ɗaya.