Dreamcast ko PS2: amsa ga mai tambaya

Ɗan'uwanmu da ya ce ya ga tsofaffin na'urorin gem guda biyu, Dreamcast da PS2 (PlayStation 2), a wajen mai gwanjo, kuɗinsa kuma na guda ɗaya ne, yana son a kwatanta masa su, to bismillah.

Sega ta fitar da Dreamcast a Japan a Nuwamban 1998, ta isa Amurka ranar 9 ga Satumban 1999 a kan dala 199. Ba a kai ƙarshen Maris na 2001 ba sai da kamfanin ya daina ƙera ta, ya kuma bar sana'ar na'urar gem ta gida gaba ɗaya, ya koma sayar da gem ga abokan hamayyarsa na jiya. Duk abin da aka sayar bai wuce miliyan 9 da 'yan kai ba. Ita kuwa PS2 ta Sony ta fito a 2000 a kan dala 299, ta haura miliyan 150, aka yi ta ƙera ta har wajen 2013. Idan ciniki ne ma'auni, magana ta ƙare.

Amma ba rashin kyau ne ya kashe Dreamcast ba. Ta zo da modem, wato abin haɗa ta da intanet, a jikinta, lokacin da yawancin gidaje ba su san hawa intanet ba, har mutane suka buga Phantasy Star Online da waɗanda ba su taɓa gani ba. Ramin jona hannu (abin da ake riƙewa a buga gem) huɗu gare ta, PS2 biyu kacal. Memorinta, wato VMU, yana da ɗan allo nasa: ka cusa shi a cikin hannun, yana nuna maka abubuwa ana cikin wasa, ka zare shi ya zama ƙaramin gem na aljihu. Idan batirinsa ya mutu kuwa, duk kunna na'urar sai ya yi maka wani dogon tsiwwa, wanda duk mai Dreamcast ya san shi. Ga Soulcalibur wanda ya fi na gidan wasa kyau, ga Crazy Taxi, Shenmue, Jet Set Radio da Power Stone. Wallahi cikin shekara biyu ta tara abin da wasu ba su tara a biyar ba.

To me ya ci ta? Mutane sun riga sun ƙone da Saturn, na'urar Sega ta baya, suka daina yarda da kamfanin. Sannan PS2 tana kunna fim na DVD, a lokacin da na'urar DVD ke da tsada, kuma tana karɓar faifan PS1. EA ma, kamfanin da ya yi gem ɗin ƙwallo na FIFA, ya ƙi yi wa Dreamcast gem ko ɗaya, ma'ana babu FIFA. A wajenmu wannan kaɗai ya isa, domin gidan gem ƙwallo ke riƙe da shi, PES kuma, ɗaya gem ɗin ƙwallon, a PS2 ya yi zamaninsa. Ƙari a kan haka, masu kwafi sun gano yadda za su sa Dreamcast ta karanta CD na gama-gari, wato satar gem ɗinta ta yi sauƙi.

Shawarata: in wasa kake so kowace rana, da faifai da hannu da mai gyara a kusa, ɗauki PS2, ba ka da asara. Hannunta ma sanda biyu ne, na Dreamcast ɗaya, wayarsa kuma ta ƙasa take fitowa, abin da har yau ban ga hikimarsa ba. In kuwa ɗanɗanon Sega kake kewa, ni Dreamcast zan ɗauka, don PS2 gobe ma za ka same ta, waccan kuwa ba kullum take faɗowa kasuwa ba.

Kafin ka biya, sa a kunna ta a gabanka da faifai, ka bar ta ta ɗauki zafi. Ƙarar gurzawa da take yi in tana karatu halinta ne, kada ta tsorata ka. Abin gudu shi ne ta riƙa komawa farko da kanta. In kullum tana tambayar kwanan wata, batirin ciki ne, gyaransa da sauƙi. Ka kuma duba tambarin: shuɗi na Turai ne, zai sha wutarmu kai tsaye. Mai ruwan lemo ko ja na Japan ne ko Amurka, wutarsa 100 zuwa 120, don haka kada ka jona shi sai da na'urar rage ƙarfin wuta.