Yawon jirgin ruwa a gaɓar Poole: sharhi kan tafiyar da ciyawa ta fi tsuntsaye jan hankalina

A ƙarshen watan Satumba na shiga ɗaya daga cikin jiragen ruwan da ke ɗaukar masu kallon tsuntsaye daga mashigin garin Poole, a yankin Dorset da ke kudancin Ingila, su ratsa da su ta gefen tsibirin Brownsea da gandun tsuntsaye na Arne, sannan su kutsa hanyar ruwan da ta nufi garin Wareham. Tafiyar ta ɗauki kusan awa uku. Yawancin fasinjojin sun zo rataye da madubin hangen nesa domin tsuntsaye, ni kuwa abin da ya fanshe mini kuɗin tikitina ciyawa ce mai kaushi da ta lulluɓe bakin gaɓa, wadda masana suka daɗe suna kira Spartina anglica.

Jagoranmu, wani dattijo mai sanyin murya, ya san tarihinta kamar tafin hannunsa. A farkon ƙarni na 19 wata ciyawar gaɓa daga Arewacin Amurka ta iso ruwan Southampton, wani birnin tashar jiragen ruwa a kudancin Ingila, ana kyautata zaton a cikin kayan nauyin da jirage ke lodawa domin daidaita tafiya, ta haɗu da 'yar uwarta ta gida, suka haifi ruwa biyu wadda aka fara tsinta a garin Hythe da ke bakin wannan ruwan a 1870. Wannan ruwa biyun tamkar alfadari take, ba ta yin iri, sai dai ta bazu ta saiwa. Daga baya ƙunsoshin ƙwayoyin gadonta, waɗanda masana ke kira chromosomes, suka ninka, daga 62 zuwa wajen 120, sai ga sabon jinsi mai yin iri, wanda aka gani a garin Lymington da ke kusa da can a 1892. Kafin ƙarnin ya ƙare ta shigo Poole, kuma zuwa wajajen 1924 ta mamaye kusan hekta 800 na filin da a da taɓo ne zalla.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda dattijon bai tsaya ga baki kawai ba. Ya fito da wani dunƙulen ciyawar da ruwa ya tumɓuke, ya miƙa mana muna karɓa hannu da hannu. Ganyen yana da tauri da tsini, a bayansa kuma akwai farin gari mai ƙyalli. Da na dangwala na kai baki sai na ji gishiri tsantsa, domin ciyawar tana da ƙananan ƙofofi a ganye da take fitar da gishirin da ta sha. Ya tsaga saiwar da farce ya nuna mana ramukan iska a ciki, waɗanda ke ba ta damar numfashi a cikin taɓon da sauran tsirrai ke shaƙewa. Duk lokacin da teku ta tumbatsa, karan ciyawar yana rage ƙarfin ruwa, laka ta kwanta a gindinta, a hankali ƙasa ta yi tudu. Saboda wannan baiwa ce aka riƙa tura dashenta ƙasashen waje domin kare gaɓa da samun sabon fili, har Holan da Ostareliya da Niyu Zilan, ta kuma isa ƙasar Sin a 1963. A wurare da dama daga baya an yi da-na-sani, domin ta cinye filayen taɓon da tsuntsaye masu dogayen ƙafafu ke kiwo. Duk wanda ya ga yadda kachalla ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Hadejia da Nguru zai gane irin wannan damuwa ba tare da dogon bayani ba, ko da yake kachalla ta ruwan daɗi ce.

A Poole kuwa labarin ya juya tun tuni. Da jirgin ya matsa kusa da Arne, na ga bakin fadamar ya zama ɗan ƙaramin gangare na baƙar laka, saiwoyi suna reto a jikinsa kamar gezar tsohuwar tabarma, iska kuma tana kawo wani wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Tudun da ciyawar ta gina da kanta ya daina tsane ruwa, iska ta ƙare a cikin ƙasar, saiwa ta ruɓe, igiyar ruwa kuma ta yi ta gutsurar abin da ya rage, har wajen rabin filin da ta taɓa mamayewa ya koma ruwa.

Inda tafiyar ta gaza shi ne wajen sauti da tsari. Lasifikar da ke bayan jirgin ba ta iya ja da ƙarar inji ba, sai da na bar kujerata na tsaya a gaba cikin sanyi kafin na ji bayanin sosai. Haka kuma duk bayanin ciyawar bai wuce minti ashirin ba, shi ma a gutsure, domin da zarar wani tsuntsu ya gilma sai jagoran ya yanke zance, kowa ya juya madubinsa, wani lokaci ma ba a komawa inda aka tsaya. Shayin da aka raba ya huce kafin ya iso hannuna.

Duk da haka zan sake shiga, kuma ina ba duk ɗalibin ilimin tsirrai ko na muhalli da ke kudancin Ingila shawarar ya gwada. Ya nemi tafiyar da ta dace da lokacin da ruwa ya fara janyewa, domin idan teku ta cika fal gangaren lakar yana nutsewa, idan kuma ta janye gaba ɗaya jirgin ba ya iya matsawa kusa. Ya zauna a gaba, ya sa rigar sanyi mai kauri, ya kuma tanadi tambayoyinsa har lokacin dawowa, sa'ar da jagoran ke ajiye makirufo ya zagaya cikin fasinjoji.