Ofishin notar da na je a Garwa kan maganar kuɗin banki bayan rasuwa

Jama'a da yawa sun yi ta tambayata tun da na ba da labarin wahalar da muka sha bayan rasuwar Baffa, Allah ya jiƙansa, wai wane notar na je, wato masanin dokar da ke rubuta takardu irin na wasiyya da gado ya buga musu tambari, kuma ya aikinsa yake. To ga shi, sunansa dai ba zan kama ba saboda akwai inda zan ɗan taɓa shi, ofishin yana cikin gari ba nisa da babbar kasuwa, daga Yelwa mai moto ba ya ɗaukar minti goma.

Abin da ya kai ni shi ne Baffa ɗan kasuwar albasa ne, kuma shekara da shekaru ni ke ciro masa kuɗi da takardar wakilci, prokirasiyon ɗin nan da ya sa min hannu. Bayan sadakar bakwai na ɗauki takardata na tafi banki hankalina kwance zan ciro na cefanen gida, da bakina na ce wa yarinyar da ke kanta mai asusun ya rasu, ta yi min gaisuwa da kyau wlh har da addu'a, sannan ta danna kwamfuta ta ce an rufe. Ashe wakilci tare da mai shi yake mutuwa. Daga nan sai meri, ofishin magajin gari, neman takardar mutuwa, sai taron dangi a rubuta a sa hannu a fid da mai kula da dukiya, sai tiribinal, wato kotu, don hukuncin da ke lissafa magada, sai kuma jiran wata takarda da ke nuna ba wanda ya ɗaukaka ƙara. Wata 9 cur, mata biyu da marayu 11 a gida, kuɗi na banki muna cin bashin gero.

Shi ya sa na ce nawa ba zai zama haka ba. Ɗan Kawuna da ke Amurka ya ce min ai abu ne mai sauƙi, su can fom kawai kake cikewa ka rubuta sunan wanda za a ba kuɗin asusun in ka mutu, ya kai takardar mutuwa ya karɓa ba kotu ba komai, ko kuma ka yi abin da suke kira trost, ka damƙa dukiyar amana hannun wani ya riƙe wa yara. Da wannan labarin na shiga ofishin ina ta zumuɗi.

Metur, wato notar ɗin, ya bar ni na gama tsaf, ya cire tabarau ya ce Alhaji wannan dokar Amurka ce, mu nan ɓangarenmu na Kamaru tsarin Faransa muka gada, kuɗin da ke asusunka ranar da ka cika gado ne, banki ba zai miƙa wa wani don ka rubuta sunansa ba. Gaskiya nan ya burge ni, da wani ne sai ya karɓi kuɗina ya buga min takarda mai tambari da ba ta da amfani. Ya ɗauki biro ya zana min a bayan wani ambulan. Asusun haɗin gwiwa, wanda ya rage yakan iya ci gaba da taɓawa in magada ba su kai ƙorafi ba, amma rabon mamacin yana nan gado ne, kuma in mata biyu gare ka ka haɗa da ɗaya kaɗai to ka bar musu wuta. Abin da ya fi kama da na ɗan Kawu shi ne asirans, wato inshora, ta rayuwa, wadda ke ƙarƙashin dokar CIMA, ƙungiyar inshora ta ƙasashen Afirka da Kamaru da Cadi duk suke ciki, can kam ana rubuta sunan mai karɓa. Amma da kansa ya ce kafin in sa hannu in tambayi malamina, don ya san malamai da yawa ba su yarda da ita ba. Mutumin ba musulmi ba ne fa, amma ya san wasiyya ba ta wuce sulusi, ya san ba a yi wa magaji wasiyya, ya san sai an biya bashi kafin a raba, har tumunin da mata ke rabawa tsakaninsu in akwai 'ya'ya ya sani.

Abin da muka yi a ƙarshe kaɗan ne. Wasiyya a cikin sulusin, ga yaran ƙanwata da nake riƙo tunda su ba magadana ba ne, sai jerin inda kuɗina suke har da Orange Money da MoMo, da wanda nake bi da wanda ke bina. Na Baffa ma sai da muka tsinci wani littafin ajiya a ƙasan akwatin rigunansa ba wanda ya san da shi, ko Inna. Abin da nake so in ba uwargida kuwa ya ce in ba ta yanzu ina raye ya shiga hannunta, kyauta ce ba ruwanta da gado.

Inda suka gaza kuma ba zan ɓoye ba. An ce in zo ƙarfe 9, ban gan shi ba sai bayan azahar, ga zafin Garwa ga fanka ɗaya tana juyawa kamar ba ta so. Sakatariyar Faransanci zalla, ko Fillanci ba ta ji balle Hausa, wata tsohuwa da ta zo kan gidan mijinta ni na yi mata tafinta. Kuɗin ma ba a faɗa maka jimla tun farko, yau na tambur, kan sarkin da ake mannawa a takarda, gobe na rajista, sau 3 ina komawa aljihu, sai da na tsaya kai da fata aka rubuto min komai a takarda ɗaya. In za ku je ku nemi wannan tun ranar farko, ku riƙe katin ɗan ƙasa da takardun haihuwar yara da na aure in akwai. Ni dai zan koma, don akwai filin Baffa na bakin Binuwai da har yau ba mu taɓa maganarsa ba.